Tambarin Inna Rakiya

Inna Rakiya ta rasu.

Da safen nan ina cikin jiƙa soda a bokiti waya ta yi ƙara, ashe 'yarta ce daga Burumburum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san ta ba, ita ta koya wa da yawa daga cikinmu haɗa sabulu, daga Tudun Wada har Ƙiru. A tsakar gidanta na koya. Ranar farko soda ta fallatsar min a hannu, ta ja ni bakin randa ta yi ta kwara min ruwa, tana faɗa tana hura min wurin. Da zan tafi ta cire safar hannunta ta ba ni, ita ta koma ɗaura leda.

Tun ɗazu nake ganin status. "Uwarmu ta tafi." "Mun yi babban rashi." Uwarku? Shekara biyu kuna yawo da ita a baki, wai sabulunta yana cin fata, ko gaisuwa kun daina zuwa. Don Allah ku yi mana shiru.

Amma duk na fi ku laifi, shi ya sa nake wannan rubutun.

Bara waccan wata Hajiya a Kafin Maiyaƙi ta ba ni odar sabulu, za ta raba wa mata ranar sunan jikarta. Saura kwana biyar. Inna kuwa dokarta ɗaya ce: sabulu sai ya yi sati huɗu a inuwa yana shan iska kafin ya taɓa jikin mutum. Na san haka sarai. Na karɓi odar.

Don ya yi saurin daskarewa na ƙara soda, ko sikeli ban ɗauko ba, da ido na zuba. Turaren ma tun haɗin yana da zafi na juye shi. Da na yanka, na buga masa tambarin Inna, wani ɗan katako mai zanen ganye da ta ara min saboda lokacin ba wanda ya san sunana. Sannan na hau da shi kan kwano na shanya a rana kamar tattasai.

Ba a rufa sati da yin suna ba mata suka fara kuka. Fata ta bushe ta yi furu-furu, hannu ya yi kaushi, wata har fuskarta ta saɓule. Ƙamshi kuwa babu ko ɗis, sai warin mai. Hajiyar ta hau babur har Burumburum, ta zazzage ragowar a ƙofar gidan Inna, ta wanke ta tas a gaban maƙwabta.

Inna ta san aikin hannun kowa a cikinmu. Kallo ɗaya ta yi wa sabulun ta gane. Ba ta kira sunana ba, haƙuri kawai ta yi ta ba matar.

Ni kuma na yi luf a gida. Ana zagin ta a gurup ɗinmu na masu sabulu ina karantawa, ban ce uffan ba.

Ganina da ita na ƙarshe bayan ƙaramar sallah ne. Na je da niyyar in ajiye mata tambarin in gudu. Na tarar da ita kan tabarma, ƙafafu a kumbure, ga sabulai jere a kan katako ba mai saye.

Ta ce, "Saude, kawo sabulun da ke jakarki in gani."

Na miƙa mata. Ta ɗan taɓa shi da harshe, ta yamutsa fuska.

"Har yanzu sodarki ta yi yawa. Yadda ya ciji harshena haka yake cizon fata. Ki dinga aunawa, ki ƙara man kaɗe. Turare kuma ki bari haɗin ya huce ya fara kauri tukuna. Sannan ki raba shi da rana, 'yar nan, ba kuɓewa ba ce."

Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, maganar sunan nan..."

Ta ɗaga min hannu. "Ni na gama cin kasuwata. Ke yanzu kika fara, ga yara. Bar shi a kaina."

Na kuwa bar shi a kanta. Wallahi daɗi ma na ji da ta faɗi haka, na dawo gida zuciyata sakayau. Abin da ke ci na ke nan yau.

Ɗazu aka kai ta, mutane suna mata kallon mai sabulun da ke cin fata.

To ku ji da kyau. Hajiyar Kafin Maiyaƙi, da duk matar da ta yi wanka da sabulun sunan nan: ni na haɗa shi. Ni Saude. Inna Rakiya ko da yatsa ba ta taɓa shi ba. Ku ɗauki hoton rubutun nan ku tura gurup ɗin da aka zage ta. Wadda za ta daina sayen nawa ta daina, wadda za ta zo ƙofar gidana ta zo, ina nan.

Allah ya jiƙanki Inna, ya haskaka makwancinki, ya rufa miki asiri a can fiye da yadda kika rufa min a nan. Allah ya ba 'ya'yanki haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ni kuma ku roƙa min gafarar Allah, don sai da ta mutu na iya buɗe baki.