Birki na Biyu

Ina da shekara arba'in da bakwai na fara koyon tuƙi, kuma ba don sha'awa ba. Maigidana yana zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, asibitin kuwa yana can ɗaya ƙarshen gari. In an gama masa ko tsayuwar kirki ba ya iyawa, balle jiran motar haya a bakin titi. Ƙanina ne ke kai mu a motar Maigida, har ranar da ya shigo yana sosa ƙeya ya ce an yi masa canjin wurin aiki, nan da mako bakwai zai tashi. Ga mota, ga mara lafiya, direba ne babu. Na dubi hannuwana da ba su san riƙon komai ba sai alli da ludayi, na ce musu su shirya.

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da mai koyar da tuƙin da kowa ke kira Malam A-Hankali, don kuwa wannan kalma ba ta barin bakinsa. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu. Ya shekara ashirin da biyu yana jan doguwar motar fasinja daga gari zuwa gari, ya yi takwas a motar ɗaukar marasa lafiya, kafin bayansa ya ce shi kam ya gaji. Sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, ya sa aka yi mata birki na biyu a gaban kujerar mai zaman banza, ya koma koyar da irinmu. Ranar farko ya nuna min birkin da yatsa.

"Wannan nawa ne, Malama, amma ado ne kawai," in ji shi. "Ba na taɓa shi sai ta ɓaci."

Ni mace ce mai bin ƙwaƙƙwafi, ban taɓa ɓoyewa ba. Shekara ashirin ina koyar da 'yan aji huɗu, in na ga hannu a ƙarƙashin tebur sai na san abin da yake riƙe da shi. Mako bai zagayo ba na tara abubuwan da suka tsaya min a rai game da mutumin nan. Yakan zo da takalmin fata sau-ciki, amma kafin mu tashi sai ya cire shi ya sa wani tsohon kambas mai laushi. Da ya zauna sai ya baje jarida a kan gwiwoyinsa, ta sauko har ƙwauri. Ban taɓa ganin ya karanta ta ba. Jarida ɗaya ce tun ranar farko, har ta yi laushi ta fara yagewa a ninki, wata rana ma a juye ya ɗora ta. Na tambaye shi ko akwai wani labari a ciki da ya ƙi ƙarewa, ya ce sanyi ne ke damun gwiwarsa. A lokacin zufa na ɗiga daga haɓarsa.

Sai kuma godiya. Ban taɓa ganin mutumin da kalmar "na gode" ke wa ƙaiƙayi irinsa ba. Da ka furta ta sai ya fara goge madubin da babu ƙura a jikinsa. Wata safiya na leƙa ta taga na gan shi durƙushe a jikin motar Maigida yana ba tayar baya iska da famfon ƙafa, ba wanda ya sa shi. Da na fito sai ya tura famfon ƙarƙashin motarsa, ya hau lalube a ƙasa wai makulli ya yar. Mai shagon bakin layinmu ya ce min haka yake yi wa motocin rabin layin in ya riga kowa fitowa, kuma kar in kuskura in yi masa maganar.

Koyarwarsa ba tsawa ba hargowa. In na nufi rami sai ya ce, "A hankali. Kar ki kalli ramin da kike gudu, ki kalli inda kike son bi." In wani ya danna min hon, sai ya ce, "Ƙyale shi, Malama, wataƙila shi ma mara lafiya ya baro a gida." Wata rana muna tsaye a danja motar asibiti ta taho da jiniya, motoci suka dinga darewa. Ya bi ta da kallo har ta ɓace.

"Shekara takwas mutane suna kauce min a hanya," ya ce. "Ban san fuskar ko ɗaya ba. Su ma ba su san ko wanda na ɗauko ya rayu ba. Amma sun kauce. Kullum in na kwanta sai in yi musu addu'a a dunƙule."

Giya ta ba ni wahala, ribas ya kusa sa ni kuka, amma birki kam tun makon farko na gane baiwa ce Allah Ya yi min. In na ɗora ƙafa mota takan tsaya cak, daidai kan layi, ko ruwan kofi ba zai zube ba. Malam A-Hankali sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." Kaina ya fasu. Har a ɗakin malamai na dinga ba matan da suka shekara goma suna tuƙi shawara kan yadda ake taka birki.

Saura mako uku ƙanina ya tafi, na ce lokaci ya yi. Ranar Lahadi da safe na sa Maigida a gaba, na ce zagaye ɗaya za mu yi a unguwa in nuna masa aikina. Ya ɗaura bel yana dariya, ya ce shi dai ya yafe min tun yanzu. Muka fita lafiya, muka sha kwana biyu lafiya. A dawowa, ƙarshen layinmu akwai tarin bulo da maƙwabcinmu ya sauke zai yi katanga. Na ɗora ƙafa a kan birki daidai inda na saba, daidai yadda na saba. Motar ta rage gudu, amma ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da silalawa abinta ina kallo, har na ji ƙarar fitila ta tarwatse, bulo uku suka faɗo kan bonet.

Maigida bai ji ciwo ba, bel ya riƙe shi, amma na ga ya dafe hannun da ake sa masa allura ya runtse ido. Wannan runtse idon ya fi min ƙarar fitilar ciwo. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, sannan tsoron ya koma fushi, fushin kuma na ɗora shi a kan motar. Na kira makanike na ce birki ya shanye. Ya zo ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya zagaya layi da ita sau biyu, ya tsaya a gabana cak.

"Anti, birkin nan ƙalau yake," ya ce yana goge hannu. "Ya kika taka shi?"

Na nuna masa. Ya kalli ƙafata, ya kalli Maigida, ya danne dariya.

"Wannan ai shafa shi kika yi."

Washegari Malam A-Hankali ya iso da ƙarfe bakwai kamar kullum. Kafin ya gama canza takalmi na zagaya na buɗe ƙofar ɓangarensa, na durƙusa na leƙa ƙasa. Birkin da ya ce ado ne, robar kansa ta cinye ƙarƙaf, ƙarfen ya fito yana sheƙi kamar gindin tsohon cokali. Na leƙa nawa na ɓangaren direba, robarsa tana nan da zanenta. Na miƙe na zare jaridar daga hannunsa.

"Malam, tsakaninka da Allah, sau nawa ka taka min?"

Ya miƙa hannu zai goge madubi, na ce ya bar madubin nan ya huta.

"Kullum," ya ce a ƙarshe. "Kina farawa, ni ina ƙarasawa."

Na zazzage masa abin da ke cikina a nan bakin titi, ban rage komai ba. Na gaya masa bulo, na gaya masa fitila, na gaya masa hannun Maigida. Bai katse ni ba. Da na ambaci hannun ne ya zauna a gefen kujera, ƙafa ɗaya da kambas ɗaya da safa, ya riƙe kansa. Sai da na yi shiru ya ba ni labarin wanda ya koya masa tuƙi, wani gwanin direba da ba a taɓa jin ya yi hatsari ba. Duk sanda ya gyara masa kuskure sai ya ce, "Da ba don ni ba da yanzu ka mutu. Ce na gode." A gaban fasinja, a gaban 'yan tasha, sau goma a rana. Har yau, in ji shi, in ya ji kalmar sai ya ji kamar an ɗora masa buhu a ka. Ranar da ya sayi motar nan ya yi wa kansa alkawari ba ɗalibin da zai san an taimake shi.

"Yawancinsu ƙafarsu takan gane da kanta, sai in dinga janye tawa kaɗan-kaɗan ba su sani ba," ya ce. "Ke kuma na san abin da ke gabanki, na ga kina jin daɗi, sai na kasa janyewa. Na ce gobe, na ce jibi. Ban san za ki fita ke kaɗai ba. Laifina ne, Malama."

Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba, don ba ni da lokacin tausayi. Na ce masa ni malama ce, in yaro ya faɗi jarrabawa na ƙara masa maki a ɓoye, ban taimake shi ba, na dai ajiye masa faɗuwar a gaba ne. Sannan na kafa sharaɗi. Jarida ta koma but ɗin mota. Duk sanda ya taka, zai faɗa da bakinsa. Ni kuma zan ce na gode, ya ji ko kar ya ji.

"Wannan na ƙarshen a cire shi mana," ya ce.

"Ba za a cire ba. Ni ba ubangidanka ba ce, kuma ba kai ka roƙa ba. Hakkina ne in san wanda ya tsayar da ni."

Ranar nan sau goma sha tara ya ce "na taka." Sau goma sha tara na ce "na gode," shi kuma yana yamutsa fuska kamar mai shan magani. Kunya ta ishe ni, ashe duk gwanintar da nake baje wa mutane a ɗakin malamai ta ƙafar wani ce. Amma washegari goma sha huɗu ne, bayan kwana biyar ya koma shida. Ya koya min in fara da wuri, in danna da gaske, in sassauta a ƙarshe. Shi ma ya ɗan saba. Wata rana har ya amsa da "ba komai" a ƙasan maƙoshi, ya waiwaya taga da sauri kamar wani ne ya faɗa.

Sai dai lissafin ya ƙi sauka ƙasa da biyu. Kullum sai an samu wani abu, ko kwana ko danja, da ƙafata za ta makara. Ƙanina ya fara ɗaure kaya. Maigida ya daina yi min zolayar bulo, wannan kuwa ya fi tayar min da hankali, don na san tunanin Litinin yake yi.

Ranar Juma'a, jajibirin tafiyar ƙanina, Malam A-Hankali ya ce mu bi hanyar asibitin tun daga gida har ƙofa. Muka wuce danja uku bai ce "na taka" ba, ni dai idona na kan titi. Dab da shataletalen ƙarshe wani mai babur ya faɗo daga bayan wata babbar mota, da mace a bayansa rungume da jariri, ya gitta ta gabana ba ko sigina. Ban san sanda abin ya faru ba. Taya ta yi ƙara, bel ya shaƙe ni, mota ta tsaya. Tsakanin bambar motar da ƙafar matar bai kai tsawon hannu ba. Mai babur ya wuce ko waiwaye.

"Na gode," na ce. "Na gode, Malam."

"Ba ni ba ne."

Na juya. Ya naɗe ƙafafunsa biyu a kan kujera, ya rungume gwiwoyinsa da hannu, dattijo mai ciwon baya. Fuskarsa ta jiƙe sharkaf da zufa.

"Tun daga ƙofar gidanki suke nan," ya ce. "Wallahi sun so sauka, da ƙyar na riƙe su."

Na kifa kaina a kan sitiyari na fashe da kuka, a tsakiyar titi, motoci na ta danna hon a bayana. Ya bar ni na ɗan yi, sannan ya sauke ƙafa ɗaya yana cije leɓe don ta riga ta sage.

"To Malama, sa giya," ya ce. "Ki nuna min ƙofar da za ki sauke Maigida ranar Litinin."