Goggo Da Hannu Mai Ɗumi

Jiya 'yata Safiya ta zo auna min jini. Kafin ta taɓa ni sai ta murza tafukanta, ta hura musu iska. Na juya fuskata bango, don kuwa haka Goggo, yayar babana, take yi. Ita ke wanke gawar mata tun muna tsohon Zango, kafin a rushe shi. Takan ce, "Ko mamaci ba a taɓa shi da hannu mai sanyi."

Shekarar da Safiya ba ta samu shiga lakwal ɗin anfirmiye ba, wato makarantar koyon aikin jinya, aka ba ta aikin taimako a asibiti: juya majinyaci, canza masa zani, zubar da fo. Na ce ba da yawuna ba, jikar fataken goro ba za ta ɗauki fitsarin baƙi ba. Goggo na zaune kan tabarma, hannunta na ƙamshin kafur. Ta ce, "Ke Hajara, da innarki ta kwanta ciwo, wa ya kwashe mata? Bar yarinya ta tafi." Da kanta ta raka ta har bakin titi.

Na yi fushi, wata bakwai ban taka ɗakinta ba. A na takwas ta cika a hannun Safiya, ni ina kasuwa.

Yau Safiya cikakkiyar anfirmiye ce, ni kuwa ban taɓa ce wa Goggo ta yi gaskiya ba. Allah ya sa ta yafe min. Allah ya sa waɗanda suka karɓe ta sun zo da hannu mai ɗumi.