Na goge wa Habboba zanen fuskarta

Na goge fuskar kakata, ya jama'a. Da babban yatsana na goge ta, kuma hotonta ɗaya ne tak a duniya.

Habboba, uwar babanmu, Allah ya jiƙanta, ita ta raine ni a Hawata. Idan damina ta ja baya aka watse yankan riɗi, gida sai ya rage daga ni sai ita. Tana soya bun na jabana, gahawarmu ke nan, hayaƙi na shiga mini ido, ni kuwa ina kan cinyarta ina bin zanen kumatunta da yatsa. Shida a gefe ɗaya, bakwai a ɗayan, daga bakin leɓe har kunne. Maƙwabta Larabawa suna ce masa shuluk. Ita sai ta ce, "Shuluk na gidanku. Wannan takardata ce. Da ita dangi suka gane ni a tasha ranar da muka iso daga yamma, ban ko buɗe baki ba."

Ba ta son kamara. Sau ɗaya ta zauna wa mai hoto, shi ma don takardar jinsiya, ta shaidar ɗan ƙasa. Bara ruwa ya shiga ɗaki ya jiƙa hoton. Na ɗauke shi da telefon dishi-dishi, bayan kwana biyu takardar ta ruɓe.

A jami'a nan Gadarif abokina ya nuna mini wani tadbiƙ, manhajar telefon mai gyara tsofaffin hotuna. Na loda, kafin ka ce me sai ga Habboba fes, da kala, har ido take ƙiftawa. Na yi rawa a tsakiyar ɗaki wallahi. Telefon ya ce wuri ya cika, na ce halas, shi ke nan, na share na dishi-dishin, me zan yi da shi.

Da hutu na kai wa Baba ina washe baki. Ya kai telefon kusa da ido, ya daɗe, ya miƙo mini.

"'Yar gidan wa ce wannan?"

"Baba, Habboba ce fa."

"Ya zol, bawan Allah, uwata ba ta da fuska kamar faranti. Ina zanenta?"

Ashe abin ya ɗauka zanen karcewar takarda ne, ya shafe shi sumul. Na ce wa tadbiƙin ya mayar, ya zana mata layi uku na wasu mutane daban. Mai gyaran telefon a kasuwa ya duba ya ce wanda na share ya tafi. Baba bai zage ni ba. Duk kiran da na yi dai, ko gaisuwa ba ma gamawa, sai ya ce, "Ka samo ta?"

A tsaranmu babu mai zane ko ɗaya, ba wanda zan duba. Yanzu har na fara rikicewa, bakwan a dama yake ko a hagu.

Mai hoton kasuwar Hawata da ya ɗauke ta ya rasu, an ce 'ya'yansa sun koma Fau da akwatunan fim ɗinsa, wataƙila nata yana ciki. Don Allah ku tura wannan duk gurub ɗin da kuke ciki, ko zai kai ga ɗaya daga cikin 'ya'yan nasa.