Farin Wardin Maman Laraba

Da safen nan labari ya same ni, ina tsaye da tsintsiya a hannu. Laraba ce ta kira. Ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa ba, sai cewa ta yi, "Anti Hadiza, Mama ta tafi."

Na jingine tsintsiyar na zauna a bakin ƙofa.

Waɗanda suka zauna Badarawa a ƙarshen shekarun tamanin za su san ta. Malama Saratu, malamar firamare, mutuniyar kudancin Kaduna, amma mu duk Maman Laraba muke ce mata. In sunan ya ɓace muku, gidan ba zai ɓace ba: gidan hayan nan da masu wucewa ke ɗage suna leƙen fulawa ta katanga.

Nan aka kai ni ina amarya, ɗakinmu yana kallon nasu. Tun ranar ta sa mini suna Amarya, kuma har na aurar da 'ya'yana ba ta sake mini suna ba.

Ita ta koya mini gwaten acca. Na farko da na yi, ta ɗanɗana ta ce, "Ya yi, amma kada ki ba baƙo."

Da azumi ba ta suya a tsakar gida sai an sha ruwa, wai kada ƙanshi ya wahalar da ni. Da Kirsimeti kuwa maigidana, Malam Sani tela, shi take miƙa wa kajinta ya yanka, don mu ci hankali kwance. Da na yi haihuwar fari, kafin 'yan'uwana su iso daga Zariya ta riga ta ɗora tukunyar ruwan wanka.

Amma in kana son ganin ainihin Mama, sai ka same ta cikin wardinta.

Ba irin wardin nan ba ne mai bazuwa ƙasa-ƙasa. Nata dogaye ne, ƙafa ɗaya siririya har ƙirjin mutum, babu reshe ko guda, sai can sama kan ya buɗe kamar lema. Mijinta, Baba Ishaya, shi ya koyo a wurin aikinsa na renon itatuwa, ya koya mata. Sai a raini wardin daji mai taurin rai har ya miƙe, ana tsinke duk tsiron da ya fito a gefe. In ya kai tsayin da ake so, a tsaga ɓawonsa daga sama a saƙala idon wardi mai kyau, kamar yadda ake wa mangwaro. Shekaru ake yi kafin ya zama abin kallo.

Matsalarsa ɗaya, kai da nauyi, ƙafa ba ƙwari. Dole kowanne a kafa masa sanda a ɗaure shi.

Ɗaurin ma da ƙa'idarsa. Ba waya, ba igiyar leda, wai suna cin ɓawo. Ƙyallayen da suka rage a shagon Malam Sani nake tara mata, ta yayyaga su, ta zagaya sanda, ta gitta a tsakiya, sannan ta zagaya wardin, don kada su riƙa gugar juna. Lambun Mama ya sa atamfar rabin matan Badarawa.

Ni fa a lokacin abin haushi yake ba ni. Famfo ya ɗauke, mu sha wahalar jan ruwa, in ga Mama tana zuba wa fure ruwan ɗaurayar kwanoni kamar mai shayar da jariri.

Na ce, "Mama, filin nan da kuɓewa aka sa ai da mun huta da cefane."

Ta ce, "Ke dai zo ki shaƙa, Amarya. Ba komai ne na tukunya ba."

Na shaƙa. Amma ban yaba ba, don ba na son ta ci ni.

Ganina da ita na ƙarshe bayan Babbar Sallar da ta wuce ne. Zama ya raba mu tuntuni, ni ina Unguwar Kanawa, ita tana wurin Laraba a tsallaken kogi, sai dai waya. Na same ta a kujera a baranda, ta rame, ido ya yi rauni, amma baki yana nan daram. Na kai mata dambun nama, ta ce na cika yaji kamar kullum, ta kuma ci gaba da ci.

Can ta kamo hannuna, ta tura mayafina sama, tana shafa damtsena.

"Tabon yana nan?"

Na ce, "Ya kusa ɓacewa, Mama."

Ta ce, "Kada ki bari ya ɓace duka."

Muka yi ta dariya har jikokinta suka leƙo suna tambayar wane tabo. To, bari ku ma in ba ku labarinsa, don tun safe shi ke yawo a raina.

A cikin wardin Mama akwai fari guda ɗaya tak, a kusurwa kusa da inda nake daka. Shi ne na ƙarshe da Baba Ishaya ya haɗa da hannunsa kafin ciwon da ya zama ajalinsa. Laraba tana sakandare a lokacin. Ina zaune ina tsintar shinkafa ya kafa masa sanda, ya ɗaure, ya kalli 'yarsa ya ce, "Wannan naki ne. Shi za ki riƙe ranar da za ki shiga coci da farar riga."

Laraba ta rufe fuska ta gudu ɗaki, muka yi mata dariya. Damina ba ta zagayo ba muka rasa Baba Ishaya.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, Mama takan bi sandunan nan ɗaya bayan ɗaya tana jijjigawa, saboda gara. Gara ta Badarawa ba ta da kunya, za ta cinye sanda ta ƙarƙashin ƙasa, sama kuwa ka gan ta tsaye lafiya lau. Wadda ta yi laushi sai Mama ta tuge ta, ta shafa wa sabuwa baƙin mai a gindi ta kafa.

Ta farin nan ce kawai ba ta taɓawa. In ta zo kanta sai ta wuce.

Na ce, "Mama, sandar nan fa ta tsufa."

Ta ce, "Bar ta, Amarya. Shi ya kafa."

Na koma kan dakana.

Aka yi shekaru, Laraba ta gama kwalejin horon malamai, Allah Ya kawo miji, aka sa biki farkon damina. Mama ta lissafa lokacinta ta yi wa farin aski tun da sauran makonni, don furen ya buɗe daidai biki. Ya kuwa amsa. Kan nan ya cika da tsiro, ƙunshin fure ko'ina, har ya fi kowace shekara nauyi. Ƙawayenta suka ce ta sayi na roba a kasuwa ta huta, ai shi ake yayi. Ta ce 'yarta ba za ta riƙe roba ba, ubanta ya riga ya tanadar mata.

Ana saura 'yan kwanaki, ran nan bayan la'asar Mama da Laraba sun tafi taron zumuntar mata, maza duk suna kasuwa, ni kaɗai ce babba a gidan ina dakan masara. Sai gabas ta haɗe. Kun dai san hadarin farkon damina a Kaduna, iska ke fara zuwa kafin ruwa, kuma ba ta sallama.

Na tashi kwashe shanya ke nan na ji ƙas!

Ina juyowa na ga sandar farin nan ta karye daga gindi, cikinta duk ƙasa. Wardin ya sunkuya, iska tana wujijjiga kan, ga guntun sandar yana reto a jikinsa yana ƙara ja. Daidai wurin haɗin nan na sama har ya fara tsagewa. In kan ya fita daga nan, shi ke nan, sai dai a raini na daji.

Wallahi ban yi tunanin komai ba. Abin da ke kusa da ni na ɗauka, tabaryata. Na kafa ta a gefensa, na tokare gindinta da ƙafa, na fizge ɗankwalina na naɗe su tare. Ƙasa ba ta jiƙa ba balle tabarya ta shiga, in na saki faɗuwa za su yi su biyun. Sai na rungume su.

Wanda bai taɓa rungumar wardi ba, ina ba shi shawara kada ya fara.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Shanyata ta tafi gidan maƙwabta, masarata ta jiƙe a turmi, ƙaya tana shiga hannuna, ni kuwa ina tsaye kai ba ɗankwali ina ta masifa ni kaɗai. Na yi wa gara, na yi wa iska, na yi wa Mama da taurin kanta. Har Baba Ishaya sai da na ce masa, "Kai ma da ka tashi ai sai ka kafa ƙarfe!"

Amma ban saki ba.

A haka Mama da Laraba suka shigo da gudu, sun jiƙe sharkaf, don tun daga coci Mama ta ga hadarin hankalinta ya tashi. Ta tsaya turus. Ta kalli sandar a ƙasa, ta kalle ni, ta kalli jinin da ruwa ke wankewa a hannuna.

Na ce, "Mama, kallona za ki tsaya yi? Ɗauko fartanya!"

Laraba ta haƙa rami a gindin tabaryar, ina riƙe, muka zurma ta a hankali muka danne da duwatsu. Mama ta naɗe tsagar da ƙyalle. Reshe kusan rabi ya tafi, ƙunshin fure da yawa sun zube a taɓo. Ta tsuguna ta ɗauki guntun tsohuwar sandar, ta daɗe tana kallonsa, ta shiga da shi ɗaki.

Da ta fito da maganin aidin take, ta kama hannuna tana shafawa ina ihu.

Washegari na ce a ba ni tabaryata. Ta ce ko kusa, in aka kwance ɗaurin nan yanzu tsagar za ta ƙarasa, sai bayan biki. Ta ba ni tata, wata 'yar guntuwa da ko daddawa ba ta dakuwa da ita. Malam Sani ya samu abin tsokana, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa: "Ku zo ku ga fulawa mai tabarya da ɗankwali."

Kwanakin nan kullum da safe mu uku muke tsayawa a kansa. Ganye ya yi laushi, muka yi tsuru-tsuru. Mama ta yi masa rumfa da tsohon buhu saboda rana. Ta daina cin abincin kirki. Ni da ba ruwana da fure, sai ga ni ina idar da sallar asuba in leƙa.

Ana jibi biki ganyen ya miƙe. Ana gobe biki suka fara buɗewa. Ba su da yawa, ba su ma cika hannu ba, amma farare tas, ƙanshinsu har ɗakina.

Ranar biki da safe gida ya cika maƙil, 'yan'uwa daga ƙauye, mawaƙan coci, masu girki. Laraba ta fito cikin farar rigarta. Mama ta fito da almakashin Baba Ishaya, ta nufi kusurwar, mutane suka buɗa mata hanya. Ni ina can baya wurin tukunyar shinkafa da ludayi a hannu.

Sai na ji ta ɗaga murya. "Ina Amarya?"

Aka nuna mata Laraba. Ta ce, "Ba wannan ba, tawa."

Na zo ina goge hannu a zane. Ta miƙo mini almakashin a gaban dangin mijinta kaf.

Na ce, "Haba Mama, ga baffanninta, ga ki."

Ta ce, "Da Ishaya yana nan, shi zai yanka. Ba ya nan. Ke kika riƙe masa, ke za ki yanka."

Na yanka, ina kuka ina yankawa, ta nuna mini inda zan sa almakashin. Na kankare ƙayar, na miƙa wa Laraba. Ta durƙusa har ƙasa da farar rigar nan ta karɓa, kamar yadda za ta durƙusa wa mahaifinta.

A rayuwata an ba ni kyauta iri-iri, amma ba a taɓa girmama ni kamar ranar ba.

Yau ina kuka, amma ba kukan baƙin ciki ba ne zalla. Mama ta tsufa cikin 'ya'ya da jikoki, ta ga abin da take son gani, kuma Laraba ta ce a cikin barcinta ta cika, ba wahala. Na gode wa Allah da Ya haɗa ni zama da ita.

Allah Ya sa kin huta, Mama. Allah Ya ba Laraba da ƙannenta haƙuri da dangana, Ya raya abin da kika bari, Ya ba 'ya'yanmu maƙwabta irinki.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko ya san ta ko bai san ta ba, ya sa iyalinta cikin addu'arsa. Ni ma ku sa ni, don daga yau ba ni da mai kira na Amarya.