Hannun Damanka, Hannun Haguna

Daga Allah muke, kuma komai nisan tafiya gare Shi za mu koma. A safiyar Talata, sha ɗaya ga watan da ya gabata, Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, wanda duk layin teloli suka sani da Mai Keke saboda shekara talatin da ya yi yana gyaran keken ɗinki. Ina shanya a tsakar gida maigidana ya shigo a lokacin da bai saba dawowa ba. Ya karɓi bokitin daga hannuna, ya ajiye a ƙasa, ya riƙe min kafaɗa. Tun kafin ya buɗe baki na gane.

Kawu, na karanta mutuwa a littattafai ba adadi. A can mai tafiya yakan samu sarari ya tara nasa, ya yi musu jawabi shafi biyu, kowa ya nemi gafara. Taka ba haka ta zo ba. Ka ce wa Yaya, babbar 'yarka da ke jinyarka, ta buɗe maka taga. Ta juya ta buɗe, ta waiwayo, shi ke nan.

Ba zan iya ƙirga alherinka ba, wasu ma sai a wajen zaman makoki na ji su. Wata tela ta ba mu labarin ranar da kekenta ya tsaya tana tsakiyar ɗinkin kayan makaranta na yara arba'in. Ka duba ka ga gyaran zai ci kwana uku, sai ka kwance kan naka keken, ka ɗora a kafaɗa, ka kai mata har ɗaki, ka ɗaura mata. Ta ce ko ruwa ba ka tsaya ka sha ba. Ni abin da na fi tunawa shi ne shagonka, da ƙanshin man keke, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, da tsohon murfin keke na katako da ke ƙarƙashin teburi. A cikin murfin nan nake ɓoye littattafaina duk lokacin da mahaifiyata ta yi rantsuwar za ta ƙona su. Kana gani kana kawar da kai. In ka aike ni sai in ce, "Kawu, saura shafi ɗaya." Daga nan ka raɗa min Saura-Shafi, har na yi aure ba ka kira ni da wani suna ba.

Kana da jita, tsohuwa, wadda fentinta ya goge daidai inda hannunka ke sauka. Kiɗa ɗaya ka fi yi da ita, wanda ka tsara wa matarka, Inna, tun kuna sabon aure. Ba shi da waƙa, ba shi da suna, mu dai muna ce masa kiɗan Inna. Da la'asar in ka rufe shago kakan zauna a bakin ƙofar ɗaki ka kaɗa, ita kuma tana ninke wanki tana cewa, "Kai wannan mutum, ba ka gajiya?" Amma ba ta taɓa tashi kafin ka gama ba. Bayan rasuwarta shekara shida da suka wuce ba ka fasa ba. Ba ka kuma yarda kowa ya naɗa a waya ba, kana cewa ba na jama'a ba ne.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ka, hannun hagu ya daina motsi. Ranar da na zo gaishe ka bayan an sallamo ka, na tarar kana kallon jitar a rataye a bayan ƙofa. Ka ce, "Saura-Shafi, ba kekunan ne suka dame ni ba, teloli za su samu wani. Kiɗan Innarku ne. A cikin yatsun nan uku yake, ga shi sun riga ni tafiya. Ina so in ƙara jin sa ko sau ɗaya ne, daga farko har ƙarshe." Yaya aikin asibiti bai bar ta ba, ɗanka kuma yana nesa. Na ce ni zan koya. A raina na riga na ga kaina nan da mako ɗaya ina kaɗawa, labule na kaɗawa, kowa na share hawaye, kamar yadda abubuwa ke faruwa a littattafaina.

Abu na farko da ka sa ni shi ne yanke farce. Na kusa kuka, kai kuwa kana dariya da rabin bakin da ya rage maka. Sannan ka nuna min kamu uku, wato yadda ake dasa yatsun hagu a kan tsirkiyoyi don a samu sauti. Ka raɗa musu sunaye: Gida, Hanya da Tudu. Cikin mako biyu na iya kowanne shi kaɗai. Abin da ya gagare ni shi ne tashi daga wannan zuwa wancan. In na zo sauyawa sai hannun dama ya tsaya cak, in sunkuya ina kallon yatsuna, in dasa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera kwanuka, sannan in ci gaba. Kiɗan ya zama guntu-guntu, shiru ya fi sauti yawa.

Ka ce, "Kin taɓa ganin tela ya tsayar da ƙafa a kan lanƙwasar wuyan riga? Ƙafa na takawa, hannu na juya yadi. In ya tsaya da tsoro, keken ya koma baya, zare ya tsinke. Damar nan ita ce ƙafarki. Ko hagu bai iso ba, ki bar ta ta tafi." Ka nuna min cewa manunin yatsa ba ya barin tsirkiyarsa a duka kamun ukun, kwanciya kawai yake yi in an zo Tudu, sauran biyun ne matafiya. Ka ce in ɗaga su tun a bugun ƙarshe, kada in jira sai lokaci ya yi, in kuma ɗaga su tare ba ɗaya-ɗaya ba. Ka ce in yi a hankali har abin ya ba ni haushi. Duk na ji, duk na fahimta, yatsuna ne suka ƙi ji.

Ba ka yarda jitar ta kwana a wani ɗaki ba, don haka ka zaunar da maigidana, ka sa shi ya buga ƙusoshi a jikin wani guntun katako, ya ɗaura zare mai kauri guda shida. Kana ta yi masa faɗa, "Ango, wannan ƙusa ce ko ƙahon rago? Miƙar da ita!" Da aka gama ka miƙo min ka ce, "Ga shi. Dama ta riƙe littafi, hagu ya yi aiki. Na san ba za ki ajiye littafin ba, to a raba." Haka na yi ta yi. Ina karanta yadda wata baiwar Allah ke jiran wasiƙa, yatsuna na tafiya daga Gida zuwa Hanya, daga Hanya zuwa Tudu.

Wata huɗu ana haka, tsayawar ba ta bar ni ba. Sai wata rana ka ce muddin damar tawa ce za ta yi ta tausayin hagu, don haka kai za ka karɓe ta. Ka ɗora jitar a cinyarka. Na ɗauki hannunka na hagu, mai nauyi da sanyi, na kwantar da shi a kan matashi, na zauna a gefenka na kama wuyan jitar. Kai kana bugu, ni ina kamu. Mutum biyu, jita ɗaya. Ba ka jira na ko kaɗan. In na makara a Tudu sai tsirkiyoyi su yi wani kuka mai muni, kai kuwa ka wuce abinka.

Kawu, a nan ne na yi abin da har yau yake ci na. Ranar wata Laraba yatsuna sun yi jawur, zafi har cikin ƙashi, na ce ka ɗan rage gudu. Ka ce, "Ba ni da lokacin jiran ki." Na ɗauka faɗa ne. Na ɗauki jakata na fita ko sallama ban yi maka da kyau ba. Mako uku ban taka gidanka ba. Na shige ɗaki da littattafaina, ina gaya wa kaina cewa ni aka yi wa laifi, ina jiran ka aiko a ba ni haƙuri. Maigidana ya yi magana sau biyu, na ce ya bar ni. Sai dai katakon bai bar hannuna ba, don yatsun sun saba, ko ban sa su ba suna yi.

Yaya ce ta kira ni. Ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ƙanwata, duk la'asar sai ya sa na juya masa kujera ta kalli ƙofa. Na san wa yake jira."

Na zo ranar Lahadi. Ka rame, rigarka ta yi maka yawa. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri ka katse ni, "Saura-Shafi, littafin ya ƙare ne? Ɗauko min ita." Na sauko da jitar. Karo na farko na faɗi a Tudu. Karo na biyu ma haka. A na uku ban san abin da ya faru ba. Na daina kallon yatsuna, idona na kan hannunka yana sauka yana tashi, sai kawai na ji mun wuce Tudu mun dawo Gida, babu rami a tsakani. Muka sake zagayowa, muka sake wucewa, har ƙarshe. Ka rufe ido. Yaya na tsaye a bakin ƙofa da kofin maganinka, ta kasa shigowa. Da sautin ya mutu ka ce, "Yawwa. Haka take son sa." Ka ƙara da cewa, "Hagu ya iya. Saura dama. Ki zo Laraba mu fara."

Talata ka tafi.

Na yi ta lissafin makonni ukun nan, Kawu. Da ban yi fushi ba, da a cikinsu ka koya min bugun. Gaskiya ka faɗa min ranar, ba ka da lokacin jira na, ni ce ban ji ba. Ina roƙon Allah Ya yafe min, kai kuwa na san ka yafe tun kafin in durƙusa.

Makon jiya Yaya ta zo gidana da jitar naɗe cikin zanen gado. Ta ce ka bar wasiyya a kawo min. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Gwada." Na ce mata rabi kawai na iya, ɗaya rabin ya tafi da kai. Ta ce, "Wata nawa kina zaune kusa da hannun nan? Gwada dai." Na ɗora ta a cinyata. Bugun hannun damana bai yi nauyin naka ba, wani wuri ya yi sauri, wani wuri tsirkiya ɗaya ta ƙi magana. Da na doshi Tudu sai na ji tsohon tsoron ya taso, hannun yana neman tsayawa. Na bar shi ya tafi. Kamun bai fita tsaf ba, amma ya fita, na kuma kai ƙarshe. Yaya ta rufe fuska da mayafi. Can ta ce, "Shi ne. Da saura, amma shi ne."

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka saka masa da alheri a kan duk keken da ya tayar, da duk mai ɗinkin da ya fitar kunya, da haƙurin da ya yi da ni. Ka haɗa shi da Inna a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, wadda ta yi jinya ba ta taɓa cewa ta gaji ba, da ƙaninta, da mahaifiyata da ta rasa ɗan'uwa, da dukan mutanen layin teloli da suka rufe shagunansu suka raka shi. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Jitar tana rataye a bayan ƙofar ɗakina. Duk la'asar nakan sauko da ita kafin in taɓa littafi, ko da kuwa shafi ɗaya ne ya rage.