Kwarin da Muka Sa wa Ƙugiya

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Tudun Wada, mu huɗu: malamar kimiyyar ƙasa mai jagorantar aikin, mai zana taswira, direba, sai ni tafinta. A Kwangila muka tsaya sayen ƙosai. Jama'a, ƙosan bana ya rame! Kuɗi ya ƙaru, shi kuma ya koma kamar goriba. Direba ya ce ko ƙosai ya san halin da ƙasa ke ciki.

Muka ɗauki hanyar Giwa, masara ta bushe a gonaki hagu da dama, sannan muka sauka daga kwalta muka shiga burji mai girgiza hanji. Wani ƙauye muka nufa, inda bara muka je muka tambayi manoma abin da ke ɓata musu gona. An rubuta rahoto da Turanci, mako mai zuwa za a miƙa wa hukuma, kuma abin da ya faɗa shi za a kawo musu. Malama ta kafe sai an karanta wa masu magana maganarsu tukuna. Ni kam har na yi gunaguni a raina, ranar hutuna ce.

An shimfiɗa mana tabarma a gindin ɗorawa, aka kawo fura da nono mai sanyin randa. Na gyara murya na soma fassara: babbar matsalar garin nan ƙwari ne, don haka a kawo injin feshi da magani. Sai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna, wadda bara ta cika min jaka da kuɓewa, ta ajiye ludayi.

"'Yar nan, wane ƙwaro? Kwari muka ce miki, kwari! Ƙwaro ya ci ganye ya bar min ƙasa. Wannan har ƙasar yake haɗiyewa."

Ni na rubuta amsoshin a wayata, kuma kowa a ofis ya san wayata ba ta da harafi mai ƙugiya. Wanda ya mayar da su Turanci a ofis ya ga "kwari", ya ɗauka sakacina ne, ya sa masa ƙugiya. Ni kuma ban sake dubawa ba. Haka na bayyana wa Inna.

Inna ba ta tsaya faɗa ba, hannuna ta kama ta ja mu bayan gari. Ga kwarin nan ya buɗe baki, ya fi tsayin mutum biyu, a gefen gonarta. Ta ce sanda take yarinya tsallake shi suke yi. Kunya goma sha biyu ta rage mata a gonar, da ita take ciyar da jikoki.

Mai taswira ya nuna inda na'urarsa ta ce ruwan sama ke gangarowa cikin kwarin. Inna ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wannan tsohuwar hanya ce. Tun da aka nome ciyawar jema da gamba a kan tudu ruwa ya sake hanya, yanzu ta bayan tsamiya yake zuwa. Muka taka har can, sai ga sawun ruwa ɓaro-ɓaro. Bawan Allah ya durƙusa yana gyara zanensa, yana ta "Na'am, Inna." Malama ta cika shafi huɗu, ta kuma ce sunan Inna zai shiga cikin masu rahoton, ba cikin waɗanda aka tambaya ba. Na ji son tsohuwar nan har cikin raina.

Da za mu tafi ta ɗora min ɗaurin yakuwa, ta ce, "Ki gaida mai ƙugiya."

Mun shigo Tudun Wada ana kiran magariba, 'yan acaɓa na ta ƙaho. Rahoton da za a miƙa yanzu jema da gyaran kwari yake nema, ba feshi ba. Abin da na koyo, in ka ɗauki maganar mutum, koma ka karanta masa kafin ka kai ta gaba. Allah ya tsare wa Inna kunyarta goma sha biyu. Ni guda ɗaya na dawo da ita gida, ta kuwa ishe ni.