Hayaƙin da Mudi Ya Riƙe a Gidan Wansa

Ina bakin marina a Ƙarfi, hannuna cikin baba, sai Ɗanjuma mai jakuna ya tsaya a kaina ya ce Mudi magini ya rasu a Gozaki jiya da hantsi. Zazzaɓin kwana huɗu ne. Na zauna a ƙasa ina salati, zanen da nake rinawa ya nutse ban sani ba.

Tare muka tashi da Mudi. Gajere ne, mai faɗin ƙafa, ba ya son a gyara masa magana. Ni kaɗai nake gyara masa ya yi dariya.

Da wansa Aƙilu ya rasu, ya bar matarsa Mero da 'ya'ya mata biyu, da gida mai soro biyu da zaure. Mero ta dawo wurin danginta nan Ƙarfi, aka ɗora wa Mudi sayar da gidan don marayun su sami abin riƙewa. A Gozaki gini ake saye, ƙasa ta mai gari ce. In gida ya rushe ya zama kango, sai a ba wani filin, magada su tashi hannu wofi.

Wata bai cika ba wani bafatake ya taya keso goma na kuɗin wuri, kowane keso wuri dubu ashirin. Mudi ya ce albarka.

Manu dillali ya ce masa, "Mudi, tayin farko shi ne mai kitse. Karɓi."

Ya ce, "Da ƙafata na cuɗa ƙasar nan. Ba za ka koya mini darajarta ba."

"To ka cuɗa mai saye ma."

Damina ta wuce, aka taya bakwai. Ta biyu ta wuce, aka taya biyar. Katanga ba ta tsage ko'ina ba, mutane ne suka fara tambayar abin da ya hana a saya. Wasu suka ce gara ta ci azara, wasu suka ce akwai abin da ke tafiya a cikin soron. Duk mai zuwa dubawa sai ya zo da tayin wanda ya riga shi, ya rage a kai.

Mudi ya zo ya same ni, ya ce, "Hussaini, na cuci yaran nan da girman kaina." Ban taɓa jin ya faɗi irin wannan ba. Amma bai tsaya kuka ba. Kullum da safe sai ya hura wuta a sorayen biyu, hayaƙi ya shiga azara ya kori gara, maƙwabta kuma su ga gidan yana numfashi. Kafin ruwan farko, sai ya sake yaɓe gidan, ya share indararo. Ya buɗe zauren, ya kawo masu saƙar tabarma suna aiki a ciki. Ya ƙi aikin gini biyu a Malumfashi don kada wutar ta mutu. Matarsa Ladidi ta yi ta faɗa, ya yi ta ba ta haƙuri.

Kwana goma kafin rasuwarsa na je Gozaki kai rini, na tarar da shi a kan soron yana toshe wata 'yar tsaga.

Na ce, "Sauko, tsoho, kafin gidan ya sayar da kai."

Ya ce, "Wani mai goro ya taya takwas. Ya ga hayaƙi, ya ji hira a zaure, bai tambayi shekarun gidan ba. Na sallama, an shafa fatiha."

"Ba ka ce albarka ba?"

"Ta zo har bakina, na haɗiye ta."

"To me kake yi a saman gidan mutane?"

"Sai jibi zai tare. Ba zan ba shi soro mai yoyo ba. In ka koma ka gaya wa Mero, biyun da suka rage laifina ne, in na sami aiki da rani zan cika wa yaran."

Na ce, "Zan gaya mata."

Ya ce, "Miƙo min ƙasar nan kafin ka tafi."